Ranar da Ƙawata ta Nuna Silikon Mai Ɗauri Biyu

Ko zan manta komai na shekarun koyarwata, ba zan manta ranar da ƙawata ta gabatar da bincikenta a sashenmu na kimiyyar sinadarai a Dutse ba.

Tare muka yi digirin farko, ni daga Jahun, ita daga Aujara. Ni ce ta ɗaya a aji, ita kuwa a bakin katifata take zama ina yi mata bayanin yadda ƙwayoyin zarra ke ɗaure juna. Da bakina na koya mata cewa kabon yana iya ɗauri biyu da ɗan'uwansa, amma silikon ya yi girma, ba ya iyawa. Haka tsohon littafinmu ya ce. Da muka gama ta samu gurbin karatu a ƙasar waje har ta zama dakta, ni na zauna nan ina koyarwa, ina gwajin ruwan burtsatse.

Ranar ɗakin taro ya cika maƙil. Ta haska hoto a bango, wani garin sinadari ruwan lemo cikin kwalba a toshe. Ta ce silikon biyu ne da ɗauri biyu a tsakaninsu, da hannunta ta haɗa, ta kewaye su da manyan rassa don kada su manne da wasu. Iska kaɗan ta shiga, shi ke nan sun lalace. Aka yi ta tafi.

Na ɗaga hannu na ce, "Dakta, mene ne amfanin abin da iska ke kashewa?"

Ta yi murmushi. "Malama, ai saurin kama iskar nan shi ne amfaninsa. Yana kama iskar haidurojin, aikin da a da sai ƙarfe mai tsada ke yi."

Aka sake tafawa.

Da aka tashi, ɗalibar da na fi ji da ita, wadda aikina na ruwa ya rataya a wuyanta, ta same ni a ofis ta durƙusa.

"Malama, Dakta ta ce za ta tafi da ni ƙasar waje, amma sai in kin amince."

Wallahi a'a ce a bakina. Da ƙyar na ce, "Je ki, Allah ya sa alheri." Tana fita na rufe ƙofa na yi kuka.

Har yau in na ga sunayensu tare a kan wani bincike, zuciyata takan yi zafi. Abin da na koya shi ne, kishi ba ya neman izini kafin ya shiga zuciya, amma ba shi ya kamata a bar wa hukunci kan rayuwar 'yar wani ba.