Furen da Ba a Tugewa

A rumfar mai sayar da shuke-shuke nake kallon wata mata, tana tsaye gaban wasu furanni masu launin shunayya, tsakiyarsu ƙullutu mai ƙaya kamar bayan bushiya. Doguwa ce, rigar sanyin jikinta ta yi mata yawa, da gani aro ce. Baƙuwa ce, don tana murza ganye tsakanin yatsunta tana shinshinawa, tana neman ƙamshin da ta baro a gida.

"Baba, wannan ci ake yi ko magani ne?" ta tambayi tsohon mai rumfar.

"Na kallo ne, 'yata," in ji tsohon.

"Shuka don kallo kawai? Lallai kun samu hutu!"

Haka aminiyata ta ce, Allah ya jiƙanta, shekarar da muka zo garin nan tare. Ta gama ba'arta, sannan ta dasa guda uku ƙarƙashin tagarmu. Ina jin wannan baƙuwar ma tana da taga, da ɗakin da shiru ya yi wa yawa.

Ita ma dai ta sayi ɗaya. Tsohon yana miƙa mata tukunyar furen yana cewa, "In sanyi ya shigo zai bushe ƙamas. Kada ki tuge shi. Saiwar na nan da rai, baɗi zai dawo."

Tana gyaɗa kai, idonta na kan titi, ko saurare ba ta yi sosai.

Ni ba wanda ya gaya mini. Sati biyu bayan rasuwar aminiyata na ga furanninta sun bushe. Na tuge su duka ukun da hannuna, na zuba a shara.