Mai Shuɗiyar Riga a Bangon Inna

Damina uku babanmu bai dawo daga Abijan ba. Mazan Adar kan tafi bida, neman kuɗi, in an ɗaure gero, su komo kafin ruwan shuka. Shi kam shiru. Sai ran nan wani ɗan garinmu ya sauka daga kamyon Madawa, babbar motar kaya, ya miƙa wa innata turmin atamfa naɗe cikin takarda mai sheƙi. Ba wasiƙa, ba kaset.

Jikin takardar hoto ne: titi maƙil da jama'a, benaye, itatuwa, kekunan doki. Amma duk ya dame, babu fuska ko guda. Inna ta rufe ɗan aiken da faɗa, wai ya bari ruwa ya daki hoton mijinta bisa mota. Bawan Allah ya yi ta rantse-rantse, ko sauraronsa ba ta yi ba.

Ta kafe hoton da ƙaya a bango, sama da jeren tasoshinta. In ka matsa kusa, ɗige-ɗigen launi ne kawai, kamar an yarfa da tsintsiya. Amma ja baya zuwa bakin ƙofa da hantsi, sai titin ya motsa. Wallahi na sha jin takun mutanen nan, da sanyin garin a fatata, har in manta da duwatsunmu. Inna ta zaɓi wani shuɗin ɗigo kusa da itace, ta ce babanmu ne. In ta gama shara takan tsaya can, ta ba shi labarin awaki.

Ni kuwa ina ajin ƙarshe a lakwal, na karanta ƙananan baƙaƙen da ke ƙasa. Shafin kalanda ne, zanen hannu, wani birnin Turai tun ba a haifi kakana ba. Na haɗiye abin wata biyar.

Ran da na dawo daga rijiya, wuya kamar ya karye, na iske Inna ko turmin daka ba ta taɓa ba, tana tsaye gaban hoton tana murmushi, sai zuciya ta ɗebe ni.

"Haba Inna! Ba Abijan ba ne! Ba shi ba ne, fenti ne!"

Ba ta ko juyo ba.

"Na sani, ɗiyata," in ji ta. "Babanki bai taɓa fita ba hula ba, wannan kuwa kansa ba hula. To ke da kika yi lakwal, gaya mini, ina zan duba?"