Kawunnanmu da Ƙafafun Yayana

Ranar da muka dawo da yayana daga asibiti zuwa gida a unguwar Choggu, yana iya motsa yatsun ƙafarsa. Likita ta ce ciwon dajin hantarsa ya kai ƙashin baya yana danne laka, ya kwanta, kada a ɗaga shi kafin a kai shi Kumasi.

Kawunnanmu biyu suka ce kwanciya ke kashe ƙafa. Kullum da safe sai su kama shi ta hammata, su zagaya tsakar gida da shi, yana cije leɓe don kunyarsu.

Na ce, "Kawu, ku ajiye shi, ba ragwanci ba ne."

Babban ya ce, "Ke, karatun tsufan da kike yi ne ya mai da ke likita?"

Cikin kwana huɗu ƙafafun suka mutu, suka ce ƙaddara ce. Har yau ban sake durƙusa musu ba.