Tsohuwar da ta so karanta mini labarin Ayuba

Salamu alaikum 'yan'uwa. Sama da shekara ashirin ina riƙe da wannan labari a ciki, ko 'ya'yana ba su san rabinsa ba. Yau dai na ga gara in faɗa.

Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Kabo, shekarar da ake ta shirin ƙaddamar da Shari'a a Kano. Ko'ina ka bi wa'azi ne a lasifika, ni ma ina cikin masu murna. Ga kuma matsi, albashi sai an ga dama.

Da zazzaɓi ciwon ya fara. Na ce na sauro ne, na sayi ƙwaya a kemis, na haɗa da jiƙo. Sati biyu jiki kamar garwashi. Daga nan cikina ya kumbura, ko zani ba na son ya taɓa shi.

Mahaifina, malamin allo ne a ƙauyen Kara, ya zo ya ɗauke ni a bayan akori-kura zuwa asibiti a Gwarzo. Aka ɗebi jini, likita ya danna cikin, na ƙwalla ƙara.

Ya ce, "Malam, taifot ne, ya huda hanji. In ba a yi aiki yau ba, gobe ba ni da abin cewa."

Komai sai da muka sayo, ruwan ƙari, zare, har safar hannun likita.

Aka yi aiki, amma wurin ya yi ruwa, zazzaɓin ya dawo. Kwanakin nan a gauraye suke a kaina. Nakan ga silin yana nisa yana dawowa. Nakan ga gonar dawarmu ta tsiro tsakanin gadaje, nas tana ratsawa da tiren allura. Kullum da hantsi a wanke ciwon, ni kuwa in ciji gefen mayafi.

A gadon da ke kusa da nawa akwai wata tsohuwa, Mama Rifkatu, Bahaushiya Kirista daga wani ƙauye a bayan Kabo. Ciwon suga ya ci mata ƙafa. Tana da littafinsu na Hausa, bangonsa duk ya sale, takan karanta a hankali tana bin layi da yatsa.

Wata la'asar na fashe da kuka. Na kasa ko taimama da kaina, na tabbata mutuwa zan yi.

Ta juyo ta ce, "'Yar nan, in karanta miki labarin Ayuba? Shi ma ya kwanta, ya tashi."

Ina bakin kabari, a ce abin da zai shiga kunnena na ƙarshe littafin wasu ne? Kafin in buɗe baki, Gwaggo Hajara mai jinyata ta ce, "Baiwar Allah, riƙe naki, mu ma muna da namu."

Tsohuwar ta rufe littafin. "Ku yi haƙuri," in ji ta. Daga ranar leɓenta kawai ke motsi. Wannan shirun ya dame ni fiye da ɗinkin da ke cikina.

Da Baba ya zo na gaya masa. Sai ya ja kujera zuwa gadonta. Suka gaisa, ya jiki, ya gida, ya aka ji da damina.

Ya ce, "Inna, an ce kina da labarin Annabi Ayuba. Karanta mu ji."

Ta karanta. Baba ya sunkuyar da kai har ta gama.

Ya ce, "Na gode. Akwai inda muka haɗu, akwai inda muka rabu. Kin yarda in karanta miki yadda ya zo mana?"

Ya karanto ayoyin, yana fassara mata da Hausa. Ta riƙe haɓa. "Ashe ku ma kuna da shi!"

Ni kuwa barci na fizgata. Sai na ga ruwa yana ɓuɓɓugowa daga simintin ɗakin, mai sanyi, ya kawo mini idon sawu, muryoyinsu biyu suna yawo a samansa kamar daga tsallaken rafi. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba.

Da Baba zai tafi ya raɗa mini, "Binta, saurare ba ya cire mutum daga addininsa. Abin da ya fi komai daraja a wurinta ta miƙo miki. Ko ba za ki karɓa ba, da hannu biyu ake mayarwa."

Washegari da Gwaggo ta dama kunu, kofi biyu ta zuba, ta miƙa wa tsohuwar ɗaya.

Bayan kwana huɗu aka sake buɗe ciwon aka wanke. Zazzaɓi ya sauka. Na fara takawa ina dafa bango, daga gado zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa gindin darbejiya.

Ita kuwa Mama Rifkatu, ƙafarta ta ƙi. Aka ce sai Kano. Ranar da za a ɗauke ta ta kama hannuna ta ce, "Ki roƙa mini sauƙi irin roƙonku." Na ce zan yi, kuma na yi.

Alhamdu lillahi da ya ba ni lafiya. Allah ya jiƙan Baba da Gwaggo, ya saka wa likitan nan da nas-nas da alheri.

Shawarata: zazzaɓin da ya wuce kwana uku, a je a yi gwaji, kada a zauna ana jiƙo. A tafasa ruwan sha. Ciki in ya kumbura ya yi tauri, ba na jira ba ne. In kuma wanda ba addininku ɗaya ba ya miƙo muku littafinsa don tausayi, ku tsaya a kan naku, amma kada ku kunyata shi.

Ban sake ganin Mama Rifkatu ba. In akwai jikanta da ke karanta wannan, ka gaya wa mutanen gidanku cewa Binta malamar makaranta ta tashi, har ta aurar da 'ya.