Ranar da Na So Ƙasa ta Haɗiye Su

Shekarar da aka ɗora ni shugabar zumuntar mata a ƙaramar majami'armu ta bayan Getso, shekarar ce na fara iya haɗa baƙi. Jikata ma ta riga ni. Karatuna da yatsa ne, layi ɗaya sai na huta.

Ban yi wata biyu ba ƙorafi ya taso. Zanen ankon da na zaɓo a kasuwar Gwarzo wai ya yi kore da yawa, in mun jeru kamar gonar wake. Wai ina sa koyon waƙa lokacin da bai dace ba. Wai muryata ta fi ta mai tallan kifi. Na ji har ana shirin sauke ni kafin babban taron Kabo, ni kuwa na rantse ba a gaban matan Kabo za a kunyata ni ba.

Sai na tuna labarin Musa da masu yi masa gunaguni, inda ƙasa ta buɗe ta haɗiye su. Na sa jikata ta nemo min wurin a Littafi Mai Tsarki. Mako guda ina bitarsa, daidai inda ƙasa ta rufe nake tsayawa, don nan ne ya yi min daɗi.

Ranar taron zumuntarmu na miƙe na karanta, ina ɗagowa ina kallon su ɗaya bayan ɗaya. Na rufe littafin da ƙarfi.

Akwai wata tsohuwa da muke kira Inna, ba ta san ko harafi ɗaya ba, amma kunnenta ya sha wa'azi. Ta ce, "Shugaba, nan ya ƙare?"

"Nan na tsaya, Inna."

"Ai mu ba mu gaji ba. Ci gaba, 'yar nan."

Na buɗe. Wurin da ban taɓa bi ba ne. Ashe washegari mutanen suka sake gunaguni, annoba ta faɗo musu. Musa kuwa, maimakon ya ce Allah ya ƙara, sai ya tura ɗan'uwansa Haruna da gudu da turare, ya tsaya tsakanin matattu da masu rai. Da bakina na karanta wannan, a hankali, kowa na ji.

Wata daga baya ta ce, "To Shugaba, ina turaren namu?" Aka fashe da dariya, har da ni, ba da son raina ba.

Na zauna a tabarma na ce su faɗi duka. Zancen zane da na murya na bar shi ya wuce ta saman kaina. Amma na koyon waƙa gaskiyarsu ce: lokacin roron wake ne, ni 'ya'yana ke yi min, su kuwa da hannunsu suke yi, daga gona suke zuwa ko ruwa ba su sha ba. Ban taɓa tambaya ba.

Muka mai da koyon waƙar ranar Lahadi bayan sujada. Ni na ja su zuwa Kabo.