Wa Ya Rage wa Keken Suruki Iska?

A layin masu gyaran keke babu mai kiransa da sunan yanka. Baba Anya ake ce masa, domin ko cewa ka yi ka kwana lafiya, sai ya dube ka ta saman tabarau ya ce, "Anya?" Ya tsufa cikin giris da kaca, kuma darasi ɗaya sana'ar ta koya masa: mai keke na ƙarya, keke ba ya yi. Kowa ya turo nasa sai ya ce haka kawai ya lalace. Shi kuwa a wajensa ruwa ba ya tsami banza.

Wanda ya fi kowa shan zarginsa shi ne mijin Auta, 'yarsa ta ƙarshe. Ƙato ne mai sanyin magana, kuma sanyin nan ne tsohon bai yarda da shi ba. Yana da keken hawan dutse, irin mai shakazoba a ƙarƙashin sirdi, wadda ake ɗura wa iska daidai nauyin mai hawa don ta shanye gargada. Baba Anya ne da hannunsa ya auna masa iskar ranar da surukin ya saye shi.

Wata rana Auta ta zo gaisuwa tana ɗingishi, gwiwar hannunta a ƙuje. Ta ce santsin banɗaki ne ya kwashe ta. Ya ce, "Anya?" Abin ya tsaya masa a rai.

Ba a jima ba sai ga surukin ya turo keken.

"Baba, bayan ne ya daina dawowa."

"Haka kawai ko?"

"Haka kawai, Baba."

Tsohon ya danna sirdi, keken ya nutse ya ƙi tasowa. Man shakazobar ya tsiyaye ya haɗu da ƙasa ya yi baƙi, robobin ciki sun mutu tun tuni. Wannan bai dame shi ba, gyara ne. Abin da ya sa ya gyara zaman tabarau shi ne murfin bakin iskar shakazobar, wanda aka ɗaura a karkace. Wani ya sha buɗe shi yana rage iska. A sandar sirdi ga sabon karce, alamar ana sauke shi ana mayarwa. A haƙorin kaca kuma ga zaren mayafi, kore, ya naɗe.

Nan take lissafinsa ya cika. Mace ce ke hawa, marar nauyi, gajera. Wato ƙaton nan yana da wata a waje, har yana koya mata keke, ya dawo gida ya huce a kan Auta. Ya ƙudura cewa yau 'yarsa ba za ta sake kwana a gidan nan ba.

"Je ka zo mini da 'yata. Yanzu."

Da suka iso, ya jera musu hujjojinsa a kan benci, murfi da zare, ya nuna karcen da bakin sifana.

"Wace ce?" in ji shi. Surukin ya sunkuyar da kai. "Kurma ka zama? Na ce wace ce!"

"Ni ce, Baba," in ji Auta. Ta jawo gefen mayafinta, kore, a yage. "Da keken nake zuwa aiki. Maigidana ya koya mini."

"To ciwon fa?"

"A gangare keken ya jefar da ni. Bayan ya daɗe da mutuwa. Maigidana ya yi ya yi ya kawo maka, ni na hana, don na san kana taɓawa za ka gane."

Baba Anya ya ajiye sifanar. Duk yaran unguwa a ƙofar shagon nan suka koyi keke, ban da Auta, wadda shi ya hana. Bai yarda da hanya ba, bai yarda da direbobi ba, bai yarda da birkin da shi kansa ya ɗaure ba. Ashe gangare da mataccen keke ya fi mata sauƙi a kan idonsa. Kunya ta kama shi, da tsoron abin da ya kusa faruwa.

Bai ba kowa haƙuri ba, bai iya ba. Ya kwance shakazobar ya wanke, ya sa sababbin robobi, ya zuba mai, ya mayar. Saura awon iska, wanda ba ya yiwuwa sai mai keke yana kai. Surukin ya ɗaga ƙafa zai hau.

"Sauka, ba kai ba. Auta, zo ki hau."

Ta hau. Ya rage iska, ya ƙara kaɗan, ya sauke sirdi daidai tsawonta, ya ɗaure tamau. Ta ɗora ƙafa a feda, keken ya ƙi tafiya. Ta waiwaya, ta ga hannunsa riƙe da bayan sirdi, yadda ake riƙe wa ɗan koyo.

"Baba, saki. Na iya."

Ya daɗe kafin ya saki.