Kwano Ɗaya a Tandabawi

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da abokan tafiya biyu, da niyyar Umara. Su ibada kaɗai ta kai su, ni kuwa har da saƙon mahaifina, wanda tsufa ya zaunar. Lokacin da Turawan Ingila suka ci ƙasarmu, wan kakansa ya yi hijira zuwa Makka a ƙasa. Ya rantse shi da zuriyarsa ba za su ƙara cin abinci kwano ɗaya da wanda ya zauna ƙarƙashin Nasara ba. Kakan Baba kuwa ya zauna. Baba ya ce in nemo jikokin mutumin, yana son a gama wannan gaba kafin ya mutu.

Daga Jidda zuwa Makka titi sumul, ba rami ko ɗaya, har na fara kewar gargadar hanyar garinmu. Direbanmu mutumin Maraɗi ne. Ya tsuga mana kuɗi, sannan ya yi mana gyara da surutu: "Ku Ingilishi ya bar muku sarki da alƙali, mu Faransi ya kawo muna kwamanda da burodi. Shi ya sa kuke durƙuso, mu muke sarawa." Na yi dariya, amma maganar ta zauna mini.

Bayan mun sauke Umara na nufi Tandabawi, tsohuwar unguwa kusa da Harami. Lunguna ne masu hawa da gangara, ƙamshin gahawa na kokawa da na daddawa. Yara baƙaƙe kamar nawa, ka yi musu Hausa su amsa da Larabci. Wata dattijuwa mai sayar da fura, da jin sunan garinmu, ta nuna mini gidan.

Na tarar da jikan mai hijirar, tsoho tukuf. Na tuɓe takalmi na durƙusa, yadda aka koya mini.

"Ƙum, ya waladi, tashi ɗana! Ba a durƙusa wa mutum. Abin da Nasara suka bar muku ke nan?"

Na miƙe. Na ce, "Baba, tun kafin Nasara muke yi. Kuma masallacin da kakanka ya bari, kakanmu ne ya riƙe limancinsa. Har yau ba a taɓa fasa kiran salla a cikinsa ba."

Ya ce, "Mu an ce mana barikin soja aka mai da shi."

Sai ya ƙwala kira cikin gida. Aka fito da faranti guda, shinkafa da naman rago. Ya ture mini tsoka gabana ya ce, "Mai rantsuwa ya riga mu gidan gaskiya. Yalla, sa hannu." Wallahi ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Na ci har na ji kunyar kaina.

A jirgin dawowa na yi ta tunani. Jini ɗaya, alƙibla ɗaya, amma kowa wanda ya mulke shi ya bar masa tasa gaisuwar, har muka ɗauka addini ne ya raba mu.

Da na isa gida Baba bai bari na zauna ba. "Kun ci?"

"Kwano ɗaya, Baba."

Tsohon da sai an ɗaga shi ya miƙe da kansa, ya ce a yanka rago a kira dangi.